Teburin Umma a Birnin Rum

Wata Juma'a ce cikin bazara, a farkon shekarun 1980, ina aji huɗu na firamare, Baba ya dawo daga masallaci da wata doguwar takarda a naɗe a hammatarsa. Ko hula bai cire ba ya ce ni da yayana Nasiru mu janye teburin falo. Ya durƙusa ya shimfiɗa takardar a kan darduma, ya danne gefe da kofunan shayi don kada iskar fanka ta ɗaga ta. Taswirar birnin Rum ce ta ƙasar Italiya, wani abokin aikinsa ya ara masa. A lokacin muna zaune a Giza, Baba yana aikin buga takardu a ofishin jakadancinmu da ke Alƙahira, wa'adinsa kuma ya zo ƙarshe. Jirgin da zai mayar da mu Kano sai ya bi ta Rum, a can za mu yi 'yan kwanaki kafin mu samu na gida. Baba ya ɗora yatsa a kan wani shuɗin layi da ya ratsa birnin ya ce kogi ne, amma bai kai Nilu ba. Umma ta leƙo daga kicin da muciya a hannu, ta dubi takardar daga nesa, ta koma saboda tukunya na kan wuta.

Gidanmu yana hawa na uku a wani tsohon bene mai duhun matakala. Da sassafe mai wake ke fara tashinmu, yana tura kurarsa yana kira, ni kuma aikina in zura kwando da igiya daga baranda, a saka mana wake da gurasa in jawo. Idan na dawo daga makaranta akwai tsintar shinkafa, akwai tsinke ganyen mulukiyya, wato lalon nan namu, akwai wanke-wanken da ba ya ƙarewa. Sai na gama nake samun hawa saman bene, inda mai gadi ke kiwon tantabaru, mu yi 'yar carafke da duwatsu ni da 'ya'yansa mata. Na koya musu gaɗa, suka koya mini tsalle da igiya da zagin Larabci kala-kala, wanda ranar da na gwada ɗaya a gaban Umma na sha murɗar kunne. Idan iska ta yi sarari, daga saman nan ana hango kawunan dalolin Fir'auna can yamma, sun yi dishi-dishi bayan gine-gine.

Gidanmu kuwa tasha ce. Duk Bahaushen da ya sauka Alƙahira, ɗalibi ne, ɗan kasuwa ne, mai neman magani ne, sai an nuna masa ƙofarmu, domin labarin tuwon Umma ya zaga gari. Shinkafar Misra tana da danƙo, tuwonta ba a magana, kuka da daddawa kuma ba sa yanke mana saboda baƙi ne ke kawowa. Ranar hutu Baba zai cika mota da baƙi da mu yara, a tafi ganin dala, a hau raƙumi, a ɗauki hoto, a dawo da yunwa a tarar da kwanuka a jere. Ni kaina na je har na gaji da zuwa. Umma ba ta taɓa zuwa ba, duk shekarun da muka yi, kuma babu wanda ya hana ta. Kullum dai akwai tuwon da za a tuƙa, kuma babu wanda ya lura, har da ni.

A hawa na biyu akwai wata tsohuwa mai ɗinki, Madam Rozina, 'yar asalin Italiya amma haifaffiyar Alƙahira, Larabcinta ya fi na kowa a benen kaifi. Ita ce ƙawar Umma. Da ta ji za mu bi ta Rum, inda ta yi zaman aure kafin mijinta ya rasu, sai ta hau tsara mana abin da za mu ci kamar ita za ta yi tafiyar. Nakan raka Umma wurinta da la'asar, in zauna ina tsince allurai daga ƙasa da maganaɗisu, su kuma suna hira. Ta gargaɗi Umma cewa mutanen can suna ɓoye naman alade a cikin miya, don haka mu tsaya a kan kifi, da taliya da miyar tumatir zalla, da wani ganye da ake soyawa cikin man zaitun. Ta kwatanta wani ƙaramin gidan abinci a tsohuwar unguwa ƙetaren kogi, inda ake jera tebura a bakin lungu a ƙarƙashin inuwar inabi, mai gidan ya ɗaura farin ƙyalle a ƙugu ya zo ya tsaya a kanka yana jiran abin da za ka ce. Umma ta sa aka maimaita mata wannan wurin ya fi a ƙirga. A kan matakala muna komawa sama ta ce da ni a hankali, "Ni duk gine-ginen nan ba su dame ni ba. In dai zan zauna a kawo mini abincin da ban dafa ba, ya ishe ni." Tun da nake ban taɓa jin ta ce tana son wani abu don kanta ba sai ranar, kuma maganar ta tsaya mini a rai.

Baba shi kuma gine-ginen ne a gabansa. Kullum bayan la'asar sai ya baje taswira, ya kira mu, ya hau bayani kamar ya taɓa zuwa. Za mu fara da katafaren filin da mutanen dā ke haɗa faɗa da zakoki, daga nan mu gangara wani tsohon gini mai kubba da aka bar wa rami a tsakiyar rufi, ruwan sama na zuba ciki. Akwai wata maɓuɓɓugar ruwa da ake jefa wa kwabo don a sake dawowa, ya ce za mu kalla amma babu mai jefa komai, camfi ne. Yana auna nisa da zaren ɗinki, yana neman koren wuri a taswirar, wato lambu, inda za a iya shimfiɗa darduma idan azahar ta riske mu a hanya. Da aka gaya masa wurin cin abincin Madam Rozina ya zana masa da'ira da fensir, ya ce ba laifi. Ana cikin haka ya dawo wata rana da fara'a, ya ce an samu masauki. Wani ɗan garinmu, Alhaji Garba, yana aiki a Rum, ya bugo waya ofis ya rantse ba za mu kwana a otal ba yana raye. Iyalinsa sun tafi gida haihuwa, ya daɗe bai ga tuwo ba, har ya sanar da sauran Hausawan da ke can cewa mai tuwon Alƙahira na tafe. Baba ya ce wa Umma ta ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yawa, kada ta manta muciya.

Umma ta ce to. A wurinmu ba a ƙin masaukin ɗan gari, kuma matar da ta sauka gidan da babu mace ta san inda za ta nufa. Na ga ta ƙulla kayan miyan nan ɗaya bayan ɗaya ta jera a gefen akwati, fuskarta ba ta nuna komai ba. Zuwa hawa na biyu dai ta daina. Ni haushi ya cika ni, amma yarinya ba ta da bakin magana a irin wannan, sai na huce a kan kwanukan wanke-wanke.

Ana saura kaɗan mu tashi, ɗalibai suka zo sallama. Cikinsu akwai Isufu, wani ɗan Maraɗi da ke karatun addini a unguwar Hay el-Sabi', mai surutu da son raha. Umma ta kawo musu abinci za ta juya, ya ce, "Inna, yanzu khalas, shi ke nan, za ku tafi ku bar mu da wake. To duk zaman nan, mi ya fi burge ki a Masar? Dala ko kogi?" Ta yi murmushi ta ce kogi dai tana ganinsa ta tagar mota, dala kuwa ba ta je ba. Baba ya ajiye cokali ya ce, "Haba Habi, ba ki je ba kamar yaya? Sau nawa muna zuwa?" Ta ce, "Kuna dai zuwa, Malam. Da na bi ku, wa zai tuƙa abin da za ku tarar?" Ba da zafi ta faɗa ba, ta ɗauki tire ta wuce. Ɗaliban suka yi dariya suna zaton wasa ne. Baba bai yi ba, kuma bai ƙara taɓa abincinsa ba.

Washegari da safe, kafin ya fita, ya kwashe ƙulle-ƙullen nan kaf ya zuba a jaka, ya ba Nasiru ya ce ya ajiye wa Isufu da abokansa. Hankalin Umma ya tashi. Ta biyo shi har bakin ƙofa tana cewa, "Malam, da wane ido za mu kalli Alhaji Garba?" Ya ce, "Da nawa. Ke babu ruwanki." Ya so ya kai ta ganin dala kafin mu tashi, amma haɗa kaya da masu zuwa sallama suka cinye sauran kwanakin. Madam Rozina ta rako mu har bakin titi tana kuka, tana ƙara jaddada wa Umma ta tambayi abin da ke cikin miya.

A gidan Alhaji Garba muka sauka kamar yadda aka yi alkawari. Mun tarar ya sayi shinkafa da nama, ya wanke tukwane, mutane sun fara taruwa a falo. Baba ya ja shi gefe, amma muna jiyo su. Ya ba shi haƙuri ya ce maiɗakinsa baƙuwa ce ita ma, ba za ta shiga kicin ba a wannan tafiyar. Fuskar Alhaji Garba ta canza, wani daga cikin baƙin ya yi tari mai ma'ana, aka ci burodi da shayi cikin hirar da ba ta da armashi. Baba ya sha habaici har muka bar garin, an ce zaman Misra ya mayar da shi mijin-ta-ce, kuma zumuncinsa da Alhaji Garba ya daɗe bai koma daidai ba. Yawon kuwa mun yi shi kusan yadda ya tsara. Mun yi salla a lambu mutane na kallonmu, Nasiru ya jefa kwabo a ɓoye, Umma ta dubi katafaren filin nan sama da ƙasa ta ce ashe kango ne.

Da la'asar sakaliya muka ƙetare kogi muka samu lungun. Inabin ya bushe, amma teburan na nan, mai farin ƙyallen ma na nan, sai dai ba na zamanin Madam Rozina ba ne, ɗansa ne da ya gaje shi. Abin da babu wanda ya yi tunaninsa cikin duk shirin nan shi ne, Umma ba ta taɓa cin abinci a gaban Baba ba, balle a bakin titi. Ta zauna a gefen kujera tana jan mayafi. Da mutumin ya taho da faranti sai ta zabura za ta karɓe shi ta raba mana. Baba ya ce, "Zauna, Habi. Yau ke za a zuba wa." Ya nuna wa mutumin ita, aka fara ajiye nata, taliya da soyayyen kifi, turiri na tashi. Ta daɗe tana kallon farantin. Sannan ta ɗan karkatar da kujerarta ta ba Baba kafaɗa, ta yi bisimilla, ta ajiye cokali mai yatsu ta ɗauki na shinkafa. A hankali ta ci, ba ta tashi ɗauko wa kowa ruwa ba, ba ta duba ko mun ƙoshi ba, har ta cinye. Da aka zo aka kwashe kwanukan ta bi su da kallo har suka shige ciki. Ta goge bakinta ta ce gishiri bai ji ba, sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ashe haka kuke ji." Don farin ciki da tausayi na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Yanzu 'ya'yana mata kan tsara tafiya gaba ɗaya a cikin waya, su zaɓi wurin ci tun kafin su bar gida, su zauna da mazajensu teburi ɗaya ana hira, ba su ɗauke shi wani abu ba, kuma ina yi musu murna. Umma ta koma kicin ɗinta a Kano ta ci gaba da ciyar da duk wanda ya shigo har ƙarfinta ya ƙare. Da ta kwanta ciwon ajali ni ke kai mata abinci har gado, kuma kullum sai ta ba ni haƙuri wai ta sa ni wahala. Ina ma na fara kai mata tun tana da lafiyar ci.