Ranar da Na Kira Sunan 'Yata a Gaban 'Yan Majalisa

Shekarun baya, zamanin da sojoji ke ta bore a Bangui, yau a yi sulhu gobe a koma harbi, na kusa raba 'yata da karatu da bakina. Ku yaran yanzu da kuke kiran 'ya'yanku da sunansu gatsal a gaban surukai, na san za ku yi min dariya. Ku yi, na yafe muku.

A unguwarmu ta Kilomita Biyar, a gidan Hausawa irin namu, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Kunya ce, kuma ni wallahi na iya ta har na wuce masu koya min. Ina yaye 'yata ta fari mahaifiyata ta ɗauke ta. Gida biyu ne tsakaninmu. A can ta tashi cikin ƙannena, ta ji suna ce min Yaya, ita ma ta kama. Ni kuwa "yarinyar Inna" nake ce mata, in raina ya ɓaci in ce "ke waccan". Shekara goma sha biyu muna haka, ina ta tinƙaho wai ni mai tarbiyya.

A gida na haife ta. Ungozoma ta yanke cibi, ranar suna aka yanka rago, liman ya yi addu'a, mu a wurinmu magana ta ƙare. Sai da na haifi ƙannenta uku aka matsa a kan takardar iyali. Maigidana fatauci ya kawo shi daga Nijeriya, Sango, yaren ƙasar, bai iya ba sai na ciniki. Ni ce haifaffiyar Bangui, ni ce mai takardar ƙasa, don haka ni na tafi ofis, gwaggona ta raka ni. Ma'aikacin ya ɗago kai ya ce, 'ya'yanki nawa? Na saci kallon gwaggo, na sunkuyar da kai, na ce uku. Ya rubuta uku, ya buga hatimi. Gwaggo har yabona ta yi a hanya.

Firamare kuwa da katin allurar rigakafi aka karɓe ta, direktan makarantar ya ce a kawo takardar haihuwa daga baya. Daga bayan nan ta ɗauki shekara shida.

Sai bore ya zo. Ina sayar da atamfa a titin Koudoukou a lokacin, kuma mun koyi rufe shago da gudu har mun gwanance. Makaranta a buɗe mako biyu a rufe wata guda. Amma yarinyar nan ko a jikinta. Ana jin ƙarar bindiga daga cikin gari, ita tana rakuɓe a ɗakin Inna da littafi. Duk jarrabawar da aka samu aka yi, ita ce ta ɗaya. Ni dai in an faɗa min sai in taɓe baki in ce, "Allah ya taimaki mai ita," alhali zuciyata fal.

Da abubuwa suka ɗan lafa, direkta ya aiko. Za a tura sunayen masu jarrabawar fita firamare nan da mako uku, kuma duk wanda ba shi da takardar haihuwa ba zai zauna ba. Wanda bai zauna ba kuwa babu shi babu sakandare.

Aka ce mu je kotu a yi mata takardar da ake yi wa wanda ba a yi wa rajista da wuri ba. Muka tafi, ni da Inna da ita. Magatakardan ya buɗe takardar iyalina, ya ƙirga da biro, ɗaya, biyu, uku. Ya ce, "Madam, ina ta huɗun ta fito?" Na fara inda-inda. Ya ce to yaya sunanta? Ga Inna tsaye a kaina. Sai kawai na zunguri yarinyar na ce, "Ke, faɗa masa." Mutumin ya ajiye biro ya kalle ni. Ya juya wurinta ya nuna ni ya ce, wace ce wannan? Budurwarku ta buɗe baki tsakaninta da Allah ta ce, "Yayata ce."

Shi ke nan. Ya rufe fayil ya ce a wannan hargitsi mutane na ta kawo yaran dangi daga ƙetare suna cewa nasu ne, shi ba zai sa hannu ba. Na yi masifa, na yi rantsuwa, na kira shi abin da ba zan rubuta a nan ba. Amma ko a lokacin na san mutumin nan ba shi da laifi. Uwar da ba ta iya faɗin sunan 'yarta ba, 'yar kuma ta ce yayarta ce, in ni ce shi ma korar mu zan yi.

Kwana biyu yarinyar ba ta taɓa littafi ba. Rana ta uku ta same ni a shago ina ninke atamfa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ni a takarda 'yar waye?" Na ce ta wuce gida rana ta yi. Tana juya baya na zauna a kan dilar kaya na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

A haka wata ƙawata ta same ni. Kirista ce 'yar unguwar Miskine, tare muka yi wasan ƙasa, kuma tana aikin shara a ginin majalisa. Da ta gama jin labarin sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ku Hausawa Allah ya shirye ku. Sannan ta goge ido ta ce min ana tattauna dokar iyali a majalisa, kuma akwai kwamitin da ke sauraron iyaye mata a kan yaran da suka rasa takardu a rikicin nan. Mace ce ke shugabanta. Ta ce za ta sa sunana a jerin masu magana ranar Alhamis.

Maigida ya ce atafau. "Majalisa? A wannan marra da kowa ke neman inda zai ɓuya, ke za ki kai kanki gaban hukuma? In suka ce ƙarya kika yi wa gwamnati fa?" Na ce to ai ƙaryar na yi. Inna ce ta raba gardama. Tana zaune tana sakace haƙori ta ce, "Kunyar nan ni na koya miki. Ranar Alhamis ki kawo min ita in ajiye miki a gida, in kin dawo ki karɓi abarki." Ta ce kuma da ita za a je.

Ranar Alhamis babu tasin da ya yarda ya shiga cikin gari, wai an ji harbi da safe. Muka samu wata bas ta rage mana hanya, sauran muka taka. Sau biyu ana tsayar da mu a shinge. A na biyun sojan ya nemi takardar yarinyar, na ce ita muke tafiya nema. Ya kalli tsohuwa tana haki, ya kaɗa mana hannu.

Ɗakin kwamitin ba babba ba ne. Dogon tebur, 'yan majalisa a jere, fanka a tsaye don babu wuta. Matan da suka riga ni magana, kai, Allah kada ya maimaita. Wannan an ƙona gidanta da takardun 'ya'yanta a ciki, waccan ta gudu da yara uku da zanen jikinta kawai. Ina zaune ina jin kamar in sulale in gudu, don ni babu wanda ya ƙona min komai. Da aka kira ni na miƙe na je gaban teburin.

Na yi bayani da Sango, tiryan-tiryan, ban ɓoye komai ba. Da na zo wurin "Yayata ce" ɗakin ya kwashe da dariya. Wani dattijo a cikin 'yan majalisar, mai farin gashi da tabarau, bai yi dariya ba. Ya ce, "Mama, ni ina da 'ya'ya da jikoki. Ban taɓa jin uwar da ta manta da ɗanta wajen ƙirga ba. Wannan labari bai shige ni ba."

Nan fa tsoron ya tafi, halina ya dawo. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban manta ba. Ka tambaye ni tabon da ke ƙafarta ta hagu, in faɗa maka garwashin wane murhu ne. Da ta yi ƙyanda kwana bakwai na yi ina zagaya katangar gidan uwata, ina sauraron tarinta, kunya ta hana ni shiga. Duk rigar makarantar da ta taɓa sawa ni na yanka yadin, na ba ƙanwata ta kai mata a ce daga Inna. A wurinmu haka ake son ɗan fari, a ɓoye. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Ku shiga Kilomita Biyar gida-gida ku ƙirga 'ya'yan fari nawa ne ba sa cikin takardar uwarsu. Laifinmu ne, mun yarda. To amma yaran me suka yi da za a hana su jarrabawa?"

Shugabar ta ajiye alƙalaminta ta ce, "Yarinyar tana nan?" Na ce tana baya tare da mahaifiyata. Ta ce, "To kira ta. Da sunanta."

Jama'a, na sha ganin tashin hankali a garin nan, amma ban taɓa jin bakina ya yi nauyi irin na lokacin ba. Na waiga. Inna ta kafe ni da ido, ta ɗaga min haɓa. Na ja numfashi na kira sunan, da ƙarfi, cikakke, har da na ubanta.

Yarinyar ba ta amsa ba. Waige-waige ta shiga yi tana neman wanda ya kira ta, don ba ta taɓa jin sunan a muryata ba. Sai da Inna ta dafa ta. Ta miƙe a hankali, ta tako tsakanin kujeru, hawaye shaɓe-shaɓe, ta tsaya kusa da ni ta ce, "Na'am, Umma." Na kama hannunta na ɗaga sama kamar wadda ta ci dambe, na ce da Sango, "Molenge ti mbi la!" Wannan 'yata ce, ni na haife ta! Inna ta rangaɗa guɗa a cikin majalisar ƙasa, mai gadi ya taso da gudu, matan nan na baya suka ɗauki tafi. Dattijon mai tabarau ya cire tabaransa yana gogewa, ya ce a rubuta, shi ya gamsu.

Shugabar ta ba mu wasiƙa zuwa kotu, ta ce mu tafi da ungozoma da limamin da ya raɗa suna su yi shaida. Magatakardan nan da na zaga shi ya karɓe mu, na ba shi haƙuri, ya ce ya saba. Takarda ta fito saura kwana biyu a rufe sunaye. Na kai wa direkta da hannuna, da gudu-gudu sauri-sauri, takalmina ɗaya a tsinke.

Bayan 'yan makonni muna shago sai ga maganar a rediyo. Shugabar kwamitin ta tashi a zauren majalisa tana cewa a sauƙaƙa wa yaran da ba su da takarda, a karɓi shaidar mutanen unguwa, har ta kawo misalin wata mata daga Kilomita Biyar. Duk layin atamfa ya juyo yana kallona. Ba zan ce ni na sauya doka ba, ban kai can ba. Amma na ga mata da yawa a unguwarmu, waɗanda suka yi ta gulmata cewa na zubar da mutunci, sun saɓi mayafi sun nufi kotu da 'ya'yansu na fari, wasu ma ni suka roƙa in raka su.

Yarinyar ta zauna jarrabawa, ta ci, ta wuce sakandare. Yau ma'aikaciyar jinya ce, da 'ya'yanta huɗu.

Ban ce kunya abar banza ba ce. Na koma wurin Inna na karɓi abata kamar yadda muka yi, kuma har ta rasu ban sake kama sunan a gabanta ba. Abin da na gane shi ne, shekara goma sha biyu ina zaton kowa ya san yarinyar nan tawa ce ba sai na faɗa ba, ashe har ita kanta tana jira ta ji. Yanzu duk wadda ta haihu a layinmu, kafin a sayi ragon suna nake tsayawa a kanta sai an yi takarda, ana ce min masifaffiya ina amsawa.

'Yar tawa kuwa ta samo hanyar ramawa. In ta bugo min waya ba ta sallama, ba ta cewa komai. Ina "Alo, alo, ke waccan, kina ji na?" tana shiru, ina jin numfashinta da 'yar dariyarta. Ko minti nawa za mu yi haka ba za ta tanka ba. Sai na gaji na kira sunan, sannan ta ce, "Na'am, Umma."