Zoɓon Kaka na Jibin Ubangiji

Jiya ƙamshin zoɓo ya taso daga maƙwabta, sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai. Ita ke dafa zoɓon da ake rabawa ranar Jibin Ubangiji a cocinmu na Wara, amma ba ta ɗora tukunya sai ta nemi gafarar duk wanda suka saɓa.

Wata Asabar na raka ta bakin ruwa wurin wata Musulma mai sayar da kifi da suka yi cacar baki. Kaka ta durƙusa a yashi mai zafi.

Na ce, "Kaka, ai ita ba ta shan Jibin."

Ta ce, "Ni zan sha, ɗiyata. Alamar jinin da ya yafe mini ce, ba ta wuce maƙogwaron mai riƙo."

Ubangiji ya zaunar da ke a teburinsa, Kaka.