Ɗakin Sama na Bibi Nasib Kaur

Duk ƙauyenmu gidan Bibi Nasib Kaur ne kaɗai ke da Guru Granth Sahib. Marigayi mijinta ya kawo shi, ya gina masa ɗaki a saman bene, tunda ba a tafiya a bisa kan Guru. In yaro ya kuskura ya ce "littafi", sai ta harare shi. Kalmar Granth ce ke nufin littafi, in ji ta, amma tun da Guru na goma, wato jagoran addini, ya ce bayansa ba wani mutum da zai gaje shi sai wannan, ya zama Guru, kuma ba a kiran babba ba tare da an ƙara Sahib na girmamawa ba.

Kullum da asuba sai ta yi wanka ta hau ta buɗe shi, da yamma ta naɗe shi ta kwantar. Lokacin zafi fankarta guda ɗaya can take kai masa, ita ta yi ta fifita da mayafi. Ni maƙwabciyarta ce, na gaji da yi mata faɗa.

Sai gwiwoyi suka ƙi. Da rarrafe take hawa, tana hutawa a kowace matakala. Ɗanta Gurmel ya bugo waya daga Kanada: "Bibi, a kai shi gurdwara, gidan ibada, mana, kafin ki faɗo ki karye." Ta yi mako tana kuka, sannan ta ce to.

Ranar da za a ɗauke shi, maza biyar suka zo ba takalmi, kamar yadda ake yi, da ruwan yayyafa wa hanyar da Guru zai bi. Bibi na zaune kan gadon igiya a tsakar gida, ta daɗe tana kallon benen.

"'Ya'yana, tunda ɗauka kuka zo yi, ni za ku ɗauka."

"Haba Bibi," na ce, "wa zai sauko da ke?"

"Wa ya ce miki zan sauko?"

Wallahi raina ya ɓaci, don na san wa zai riƙa jigilar gurasa da ruwa. Suka ɗaga ta da gadon suka kama hawa, suna nishi. A rabin hanya ta leƙo ta kira ni.

"'Yar nan, kwance ɓaunar da nake tatsa, ki kai ta gidanki. Ta hannun hagu take son a fara tatsarta."

Shekara uku ke nan tana can sama tare da Guru. Da ƙanwarta ta rasu, daga kan rufi ta kalli wucewar gawar.