Bindigar da Issoufou Zai Kai wa Ɓauna

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Alhaji Issoufou a layi na 116 cikin Harlem ya san ba a fita sai an sha labarin ɓauna. Kana cinikin turare ko hula zai zaro waya, ya nuna maka wata baƙar halitta mai ƙaho tana harara daga cikin ciyawa, ya ce, "Dubi idonta, don Allah. Wannan ba saniya ba ce fa." 'Yan Gana masu shago kusa da shi har suna ce masa Sarkin Bakan Manhattan, shi kuwa ya amsa da fara'arsa.

Ba daga sama ya samo abin ba. A wani ƙauye kusa da Gaya aka haife shi, gidan maharba. Mahaifinsa ya kashe ɓauna, kakansa ma haka, da bindigar toka irin ta maƙera, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Issoufou ya bi mahaifinsa daji, ya harbi zabi da gada, amma kafin ya kai ga babban nama fari ya zo, neman abinci ya kore shi zuwa Yamai, daga can sai New York. Ya sayar da agogo da tabarau a bakin titi cikin sanyin da ke tsaga leɓe, ya tuƙa tasi, ya kama shago, ya ɗauko matarsa Salamatou suka zauna a unguwar Parkchester. Yanzu furfura ta cika gemu, mahaifin ya daɗe da rasuwa, kuma a zuriyarsu shi ne na farko da bai taɓa tsayawa gaban ɓauna ba. Abin yana cin ransa, ba ya ɓoyewa.

Bara ya ce ya gaji da kallo a waya. Ya samo wani jagoran farauta mai izinin hukuma a kudancin Afirka. Mutumin ya ce ya zo, amma sai ya turo bidiyon da zai nuna yana iya harbin farantin gwaji daga nesa da babbar bindiga, domin ɓauna mai rauni mutum take nema. Salamatou ma ta kafa nata sharaɗin.

"Alhaji, ban hana ka ba. Amma in ka ji ciwo tun nan, babu inda za ka."

Daga ranar Issoufou ya zama ɗalibi. A jirgin ƙasa mai lamba 6, safe da yamma, kansa na kan waya yana nazarin bindigogi uku: 375, da 416, da babbarsu 458. 'Yarsa Raudatu, wadda ta yi aikin soja kafin ta koma tuƙa motar asibiti, ta ce ya ɗauki 375, tana kashe ɓauna sarai kuma shurinta da sauƙi.

"Mi?" in ji shi. "Ɗan Sarkin Baka shi riƙe ƙaramar? Bon, babbar nika so."

Ran wata Lahadi shi da Raudatu suka tafi wani filin koyon harbi a Pennsylvania inda ake ba da hayar bindiga. Tun a mota yake waƙar maharba yana dukan sitiyari. Da mai wurin ya miƙo masa 458 ɗin, ya ji nauyinta a hannu, ya ga harsashin nan kamar yatsan ƙato, sai da tsigar jikinsa ta tashi don murna. Mai wurin ya soma bayani, Issoufou ya gyaɗa kai irin na wanda ya san hanya, kunnensa kuwa ba ya wurin.

To, akwai abin da Raudatu ba ta sani ba. Bindigar toka takan fashe, don haka maharban gidansu suna da riƙonsu: ka auna, ka janye gindin bindiga daga kafaɗa, ka kau da fuska gefe, sannan ka ja kunama. Da ranƙwashi aka koya wa Issoufou wannan, ya zauna masa a jiki. Kafin Raudatu ta buɗe baki ya auna, ya ba bindigar fili, ya kau da kai, ya ja.

Bindigar kuwa ta yi amfani da filin da ya ba ta. Gindinta ya taho da gudu ya same shi a kafaɗa, hula ta yi gabas, shi ya zauna a ƙasa daɓas. Raudatu ta ruga. Ta tarar da tsohon yana dariya har da hawaye.

"Kin ji ta? Raudatu, kin ji muryarta?"

Dariyar ta kai shi har gida, amma ba ta wuce cin abinci ba. Salamatou ta kawo tuwo da miyar kuka. Ya yanko loma lafiya, hannu ya taso rabin hanya ya tsaya. Ya gwada sunkuyo da baki, abin ya ƙi. Can ya ce a ba shi cokali. Mutumin da tun aurensu yake cewa cokali na ɓata tuwo. Salamatou ta matso ta janye wuyan rigarsa, ta ga kafaɗa ta kumbura ta yi baƙi.

"An gama magana," in ji ta.

Ranar bai ƙarasa tuwon ba. Satin nan duka ba wanda ya ga ɓauna a shago, har 'yan Gana suka shigo tambaya ko lafiya. Raudatu ce ta yi ta roƙo da Hausarta mai gauraye. "Mama, please, chance ɗaya. Ni zan koya masa. Ranar test ki zo ki gani da kanki." Da ƙyar Salamatou ta yarda.

Da kafaɗa ta warke suka koma. Raudatu ta fara shi da 'yar ƙaramar bindiga wadda ba ta shuri ko kaɗan, ya karɓa yana ƙunƙuni. Daga nan suka hau 375, kuma wannan karon bai yi gardamar lamba ba. Ta nuna masa ya matse gindin cikin kafaɗa ba tazara, ya ɗan karkata gaba, ya saki gwiwa, ya bar ta ta ture shi maimakon ta naushe shi. Duk ya iya. Abu ɗaya ya gagara, wato ɗora kumatu a kan katakon. Da zarar yatsa ya taɓa kunama sai fuska ta kauce da kanta, harsashi ya bi iska. Lahadi bayan Lahadi haka.

Wata rana ya ajiye bindigar, ya ce a hankali, "Baba ya hana ni sa fuska. Ji nike kamar shina tsaye bayana."

Raudatu ta ce, "Kaka idonka yake karewa, Baba. A bindigarsa, nesa ne kariya. A wannan, kusa ne. Abu ɗaya kuke so."

Ranar gwaji Salamatou ta zo da mayafinta da abin toshe kunne, ta zauna baya fuska ba annuri. Raudatu ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyo. Issoufou ya ɗora bakin bindiga a kan sandunan harbi, ya yi bisimilla, ya matse ta, ya kwantar da kumatunsa a kan katako mai sanyi. Wuyansa na son juyawa, ya ƙi. Ya ja.

Bindigar ta ture shi kamar babban rago, ta ɗaga, ta dawo. Idonsa a buɗe. Ya ga farantin ya girgiza, ya ga ƙasa ta tashi a bayansa. Ya sake ɗurawa ya harba, ya kuma, duk a ciki.

Ya juyo. Duk harbin da ya yi a duniya bai taɓa ganin saukar ko ɗaya ba sai yau, kuma nan take ya gane mahaifinsa ma haka, ya tsaya gaban ɓauna tana tahowa, ya kau da ido, ya ja kunama, ya jira abin da Allah zai yi. Murna da tausayin mahaifin suka taso masa tare, ya kasa riƙe hawaye.

"Na gani, Salamatou," ya ce. "Da idona na gani."

Ta tashi, ta zo ta danna kafaɗar da babban yatsa, da ƙarfi, tana kallon fuskarsa. Bai motsa ba. Ta juya wajen 'yarta.

"Tura wa mutumin bidiyon," in ji ta. "Ki tambaye shi wane wata ne babanki zai zo."