Gaisuwar da na shirya wa kakata

Mamata 'yar Koriya ce. Babana ya je can koyon gyaran injin ban ruwa, ya dawo Daura da takardar shaida da kuma ita. Ina ƙarama tana yi min Koriyanci, ina shiga firamare ya zube, sai kalmomin faɗa da na abinci suka rage.

Duk Lahadi da hantsi kakata, uwar Mama, tana kira ta bidiyo. Aikina ɗaga hannu da murmushi. Bara Mama ta ce tsohuwar ta fara mantuwa, har ta tambaya wace ce yarinyar nan mai ɗaga hannu. Abin ya tsaya min a rai.

Na koyi haruffan Koriyanci a waya, wallahi ba wuya, ku gwada ku gani. Na rubuta sunan komai na liƙa masa, randa, turmi, ƙofa, har akuya. Ita ta cinye nata. Mama na tuƙa tuwo ina damunta da tambaya.

Wata uku ina shirya gaisuwa cikakkiya irin tamu, na juya ta Koriyanci. Ban nuna wa kowa ba.

Ranar na jingina wayar a kan randa, na durƙusa, na sunkuyar da kai. Na tambayi kwana, gajiya, gida, jiki, sanyi, maƙwabta. Ashe Kaka rufin kwanon ɗakinmu kawai take gani, ga wata murya daga ƙasa tana tambayar jikinta. Sai ta kira Mama ta tambaya wa ya rasu.

Mama ta ce a can sai a asibiti ko gidan makoki ake jero wa mutum tambayoyi haka.

Na miƙe. Kaka ta ƙare min kallo, ta yi tambaya ɗaya, kuma ban jira fassara ba.

"Kin ci abinci?"

"Na ci, Kaka."

Ta tambaya me na ci. Ban san sunan tuwo a Koriyanci ba, sai na ɗauko kwanon na nuna mata. Ta ce ya yi kaɗan.

Lahadin da ta biyo baya, tana ganina ta ce wa Mama ga yarinyar nan mai tambayar gajiya. Ta ce a faɗa min akwai gajiya sosai. Na ce na ji da kaina.