Ranar da ƙwaurina ya tare wa ɗiyata shuri

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari tana da wata biyar, ni ce matsoraciyar gidanmu. In ta yi barci sai na kai yatsa hancinta in ji ko tana numfashi. Mijina har dariya yake mini.

Mahaifina mahauci ne a Rabah, kuma tsohon ɗan dambe. Muna yara, da la'asar yakan koya wa yayyena maza dambe a tsakar gida, ni kuwa ina gefe ina tankaɗe. Bai taɓa kirana ba, amma kunnena na wurin. Kullum abu ɗaya yake maimaita musu: "Ku bar kallon huska, ku dubi ƙahwar da mutum ya kahe. In shuri ya taso kar ku ba shi baya. Gusa gehe, ɗaga gwiwa, ƙwauri shi karɓa."

Wata ranar kasuwar Wurno na je sayen albasa, goye da yarinyar. Akwai wani bawan Allah mai taɓin hankali da ke yawo yana harbin kwandunan mata. Ban lura da shi ba sai da na ga mata na watsewa. Ina ɗagowa, ga shi a gabana.

Jikina duk ya ce in juya in ruga. Amma in na juya, ɗiyata shurin zai samu. Sai idona ya sauka ƙasa, na ga ya kafe ƙafar hagu, dama ta taso. Na gusa taki ɗaya gefe, na ɗaga gwiwa, hannuna ɗaya na riƙe da goyo ta baya. Shurin ya sauka a ƙwaurina, ya goce. Shi ya yi tangaɗi, maza suka riƙe shi. Yarinyar ko farkawa ba ta yi ba.

Mai albasa ta ce, "Ke 'yar nan, mi na gani haka? Dambe kike a gidan miji?"

Sai a lokacin na fashe da kuka, har da majina, gaban jama'a.

Bayan kwana biyu na je gida ina ɗingishi. Baba ya dubi kumburin, ya danna da yatsa, ya ce, "Wa ya koya miki tarewa da nan?"

Na ce, "Kai, Baba. Ina tankaɗe."

Ya juya ya ce da mahaifiyata, "Shekara nawa ina hwama da ƙattin can, ashe ɗan damben na bakin turmi."

Har yau tsorona bai tafi ba, yara na tari nake rikicewa. Amma na daina ce wa kaina ba ni da amfani in abu ya taso. Ɗiyar nan yanzu shekararta takwas. Da la'asar nakan ce ta ajiye rariya, ta zo tsakar gida ta ɗaga gwiwa.