Ranar da Ƙawata 'Yar Koriya Ta Zo Ta Biyu

Ko tsufa ya kwashe min duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na kai ƙawata 'yar Koriya gidanmu a unguwar Ruwais.

A Jidda aka haife ni, kuma a makarantar 'ya'yan baƙi muka haɗu da ita, muna 'yan mata. Babana da babanta duk a tashar jiragen ruwa suke aiki. Ban taɓa ganin mai karatu irin nata ba. Daga makaranta sai malamin lissafi, daga shi sai na Turanci. Abincinta na rana kuwa rabin tuffa ne, wai fuskarta ta cika faɗi. Kullum da wani siririn salatif manne a fatar idonta don ta yi ninki, kuma mamanta ta yi alkawarin idan ta ci gaba da zuwa ta ɗaya za a yi mata aikin ido a ƙasarsu. Dariya abin yake ba ni a lokacin. Ban lura gashinta zuba yake yi ba.

Ranar da aka ba mu sakamako, ni ina can wajen ƙarshen aji, amma na haye lissafi karon farko a rayuwata, sai tsalle nake. Na sami ƙawata a bayan aji ita kaɗai. Ta zo ta biyu.

"Mabruk!" na ce, ina taya ta murna.

Ta ce, "Ba zan iya zuwa gida ba."

Ni da ba na dogon tunani sai na ce, "Halas, shi ke nan, yalla mu tafi gidanmu." Ranar kuwa ake sa wa yayata lalle.

Muna shiga na ɗaga takardata na ce na ci lissafi. Umma ta rangaɗa guɗa kamar na zama likita. Ƙawata ta saki baki. Da na ce ita kuma ta biyu ta zo a duk ajin, gidan ya kaure. Matan da ba su taɓa ganinta ba suka dinga rungumarta. Umma dai ta ja ni gefe ta tambayi ko an sani a gidansu, sannan ta buga wa Baba waya ya gaya wa babanta.

Gwaggona, wata ƙatuwar mata mai murya kamar ta jirgin ruwa, ta kama haɓar yarinyar ta ce, "Ke, me ya sami idon 'yar mutane aka liƙa mata filasta?" Na yi bayani.

"Yanka? Idon? La ilaha illallahu! Mu nan muna wahalar ja wa namu wutsiya da kwalli don ya yi tsawo, ita an ja mata kyauta! Kuma ki ce mata wannan ramar ba za mu yarda da ita ba."

Ina fassarawa ƙawata ta fara dariya, irin wadda ba ta tsayuwa. Ta ɓamɓare salatif ɗin da kanta. Kafin ka ce me, an ɗaura mata atamfa, an kafa mata ɗankwali, an zana mata lalle har gwiwar hannu. Da yake hannuwan ba su taɓuwa, Gwaggo ta zauna tana ba ta dambun shinkafa a baki. "Ya binti, 'yata, buɗe bakin!" Yaji ya sa ta hawaye, ta ce a ƙaro. Aka saki kiɗa, ta tashi hannuwa sama tana wata rawa da babu ita a ƙasarsu, babu a tamu. Muka yi ta faɗuwa kan juna.

A haka mamanta ta shigo.

Aka kashe kiɗan. Ƙawata ta tsaya, ɗankwali ya karkace, ta faɗi wasu 'yan kalmomi da yarensu. Daga baya ta gaya min cewa ta yi, "Mama, na zo ta biyu. Kuma na gaji."

Na zata mari zai biyo baya. Matar ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya ga Umma, da Larabcinta na kasuwa ta ce tun daga matakala take jin dariyar, ba ta gane ta 'yarta ce ba. Gwaggo, da ba ta ƙaunar shiru, ta janyo ta ta zaunar. "Kawo hannun, ke ma ai a rame kike!"

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Amma an kai ta wajen likita, an rage mata malamai, kuma duk Alhamis a gidanmu take wuni har suka koma ƙasarsu.

Yanzu da nawa 'ya'yan ke kawo min sakamako, fuskarsu nake fara dubawa kafin takardar. A ranar nan na koyi cewa yaro zai iya cin kowace jarrabawa yana nutsewa a gabanka, kai kana ta tafa masa.